Daga Falwaya Zuwa Ƙarfen Sabis

Lokacin da muke yara a unguwar Bolewa, cikin garin Potiskum, lambar waya kan faɗa maka garin da mutum yake tun kafin ya buɗe baki. In ka ga 064 a gaba, Kano ce. 076 Maiduguri, 062 Kaduna, 073 Jos, 077 Bauci, 069 Zariya, 060 Sakkwato, 01 kuwa Legas. Mun haddace su tsaf, alhali yawancinmu ba mu taɓa kara kan waya a kunne ba. A allunan shaguna muke ganinsu, da kan takardun 'yan kasuwa, da jikin manyan motoci. Waya a wancan zamani ta wuri ce: ta ofis, ta asibiti, ta gidan wani mai hali. Ba a cewa lambar wane, sai dai lambar gidan wane. Duk wanda ya fi kusa shi zai ɗaga, in maƙwabci ake nema a aiki yaro da gudu, mai kira kuma ya ajiye ya sake bugowa an jima.

Ƙarancin nan na ƙasa ne baki ɗaya. A 1960, da aka sami 'yancin kai, layukan waya 18,724 ne a duk Najeriya. Bayan shekara 40, ana gab da shigowar wayar salula, ba su wuce kimanin 400,000 ba, ga jama'a sama da miliyan 100, kuma kaso mai tsoka yana Legas da sauran manyan birane. Gari irin namu, wanda har zuwa 1991 yana cikin jihar Borno, sai abin da ya samu, duk da cewa fadar Fika ta dawo cikinsa tun 1924, ga kasuwar shanu da ta hatsi da ake zuwa daga ko'ina.

Ni dai Allah ya haɗa ni da kawu. Ƙanin mahaifiyata ne, ma'aikacin waya tun zamanin P&T, hukumar da ta riƙe wasiƙa da waya a hannu ɗaya. A 1985 aka raba su: aka haɗa ɓangaren waya da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje aka sami NITEL, wasiƙa kuma ta koma hannun NIPOST. Kawu hawan falwaya ne aikinsa. Yana da keke, da ɗamarar fata mai kauri, da filaya, da wani ɗan kan waya mai ƙugiya biyu da yake maƙalawa a jikin waya ya saurara. Mutum ne mai son bayani. Ko tambaya ɗaya ka yi masa, sai ya share ƙasa da tafin hannu ya ɗauki tsinke ya fara zane, har Inna ta leƙo ta ce, "Haba, ka bar yaron nan ya ci tuwonsa kafin ya huce." Shi kuwa sai ya ce, "Yaya, bari in ƙarasa masa, saura kaɗan."

A wurinsa na fara sanin cewa kowace kalma ta aikin waya tana da abin da za ka iya taɓawa da hannu. In aka ce an ba mutum layi, ana nufin an ware masa jar waya sili biyu, tun daga bangon ɗakinsa, ta kan falwaya, ta cikin akwatin ƙarfen nan na bakin titi, har cikin ɗakin injuna a ofishin waya. Nasa ne shi kaɗai, yana magana ko yana barci. Nan tsadar take, nan kuma jinkirin yake: duk sabon mai nema sai an ja masa tasa wayar, sai kuma an sami gurbi a jikin injin. In gurbi ya ƙare, ko nawa gare ka sai haƙuri. Ta cikin waɗannan siraran wayoyi biyu ofis ke turo wutar da kan wayar ke aiki da ita, bolt 48, daga manyan batura da aka jera a wani ɗaki. Shi ya sa ko an ɗauke wutar gari, unguwa ta yi duhu ƙirin, wayar girke tana nan da ranta. In za ta yi ƙara kuwa, wata wuta ake turowa mai ƙarfi fiye da wannan, kuma kawu ya ce duk ma'aikacin da kira ya taɓa shigowa yana riƙe da tsirarar waya ba ya bukatar a sake yi masa gargaɗi.

Sai kuma ton, wato ɗan sautin nan mai tsawo da ake ji da zarar an ɗaga kai. Injin ne ke cewa ya ga ka ɗaga, ya ware maka hanya, buga lambarka. In babu ton, kada ka wahalar da yatsa. Kawu da kunne yake gane cutar layi. In ya ji shuuu da ƙaras-ƙaras, ruwa ya shiga mahaɗa, kuma wannan cutar damina ce. In ya ji maganar wasu daga nesa-nesa, wayoyi sun taɓa juna ko rigarsu ta zagwanye. In shiru ne ɗif, ta tsinke, sai bin falwaya ɗaya bayan ɗaya. Abokan gabansa ba su da yawa, amma ba sa hutu: guguwar farkon damina mai kayar da itace, gara mai cin gindin falwayar katako, sanyin hunturu da ke sa waya ta ɗaure tamau har ta balle, da tirelar da aka yi wa lodi ya wuce kima ta zo ta ja wayar da ta ƙetare titi. A garin da manyan motoci suka yi wa yawa kamar namu, wannan ta ƙarshe ita ta fi ba shi aiki.

Faifan lambobi da ake juyawa da yatsa ma ya bayyana mini sirrinsa. Ba komai yake yi ba illa katse wutar layi da sauri yayin da yake komawa mazauninsa: lamba 1 katsewa ɗaya, lamba 5 katsewa biyar, sifiri katsewa goma, kusan goma a cikin daƙiƙa. Injin ofis yana ƙirgawa, yana matsar da hannayensa na ƙarfe mataki-mataki har ya kai ga layin da ake nema. Masu waya kan sa ɗan kwaɗo a jikin faifan don kada yara su tara musu bashi. Yaran da suka gane yadda abin ke tafiya kuwa sai su riƙa ƙwanƙwasa mazaunin kan wayar da yatsa, bugu-bugu daidai adadin lambar, kira ya tafi kwaɗo na nan a rufe.

Kiran nesa shi ne mai wuya. A farko ta hannun afareta ake bi: ka ba da lamba da gari, ka zauna jira, shi ya nemi afaretan can, wancan ya nemi naka mutumin. Daga baya aka samu ana bugawa kai-tsaye da lambar gari a gaba, aka kuma kawo wayoyin kati a shekarun 1990. Amma hanyar da ke tsakanin gari da gari ƙunci gare ta. Hasumiyoyin ƙarfe ne masu faifai a ka, kowace tana hangen ta gabanta, suna miƙa wa juna magana ta iska, kuma adadin kiran da za su ɗauka a lokaci guda a ƙayyade yake. Idan ya cika, ko mutuminka yana zaune gefen wayarsa yana jira, ba za ka same shi ba. Na ga dattawa sun wuni a kan benci a ofishin waya, da 'yar takarda a hannu, don maganar da ba za ta kai minti uku ba.

Sauran jama'a kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, wasu hanyoyi suke bi. Direbobi ne gidan wayarmu. A tasha za ka ga mutum yana neman motar Kano ko ta Jos ko ta Maiduguri, da ambulan a hannu da ɗan goro. Wanda ba ya rubutu sai ya sayi kaset, a taru a tsakar gida, kowa ya matso kusa da rediyo ya gai da ɗan'uwa da ke Makka ko Sudan, a ba maniyyaci ya kai, a jira amsa bayan an dawo daga aikin hajji. In abu ya yi gaggawa sai tangaraho, wanda ake biya kalma-kalma, don haka ake matse magana har ta rasa sallama. Na san gidajen da labarin rasuwa ya iske su bayan an yi sadakar bakwai. Kakata ta wajen uba sai da ƙanwarta ta yi kwanaki a ƙasa kafin mai kawo saƙon ya sauka daga mota, kuma har ta bar duniya tana ambaton wannan.

Fatauci ma haka. Mai shanu zai yi ciniki a kara, ya loda tirela, ya kama hanyar kudu, bai san ko kasuwar Legas ta cika ko ta yi ƙaranci ba sai ya isa. In ya tarar an riga shi, ga dabbobi sun galabaita da tafiya, ga kuɗin mota, dole ya sayar yadda aka taya. Wanda ke da hanyar waya, ko na gidan wani ne, ya fi saura da kwana biyu na labari, kuma a kasuwanci wannan dukiya ce. Ina ganin mutanen da ba su zauna a garin fatake ba ba za su gane yadda rashin waya ya yi ta cin dukiyar talaka shiru-shiru ba.

A shekarun 1990 aka shiga sauya injunan manyan birane zuwa na dijital, aka tura kawu kwas a makarantar ma'aikatan waya ta Oshodi. Ya dawo da littattafai da sababbin kalmomi, ya dawo kuma da wani irin ɗoki da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Lokacin ina sakandare. Ya ce mini a tsohon tsari murya tana tafiya ne a matsayin wutar da ke hawa da sauka yadda sautin ke hawa da sauka, kuma duk dattin da ta kwasa a hanya da shi za ta isa. A sabon tsari kuwa auna muryar ake yi, sau 8,000 a kowace daƙiƙa, kowane awo a mai da shi lamba mai gurbi takwas, kowane gurbi ko sifiri ko ɗaya. Ka ninka, 64,000 ke nan a daƙiƙa. Lambobin ake aikawa, a can kuma a sake gina muryar daga gare su.

Na ce, "Kawu, ke nan yanka muryar ake yi gunduwa-gunduwa?"

Ya ce, "Aunawa dai, ɗana. Kuma lamba ba ta tsufa a hanya. Ɗaya da ta tashi daga Legas, ɗaya ce za ta iso Potiskum."

Abin da ya fi burge shi shi ne hanyar da suke kira E1, wadda ke ɗaukar kira 30 a lokaci guda. Da na kasa ganewa sai ya kawo mini misalin da ɗan garinmu ba zai ɓata a ciki ba. Ya ce in ɗauka tirela ce mai gurbi 32. Talatin na shanun mutane ne daban-daban, kowane mai saniya ya san gurbinsa, biyun da suka rage na direba ne da yaron mota: ɗaya yana tsare tafiyar kada a rikice, ɗaya yana riƙe da bayanin wane kaya ne na wa, ina za a sauke shi. Irin wannan mota sau 8,000 take tashi a daƙiƙa, shi ya sa mai magana ba ya jin an taɓa dakatar da shi. Ya kuma gaya mini dalilin da ya sa muryar waya ba ta yin daidai da ta ido-da-ido: tun asali ba duka sautin ake ɗauka ba, daga girgiza 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa kawai, iyakar abin da zai sa a fahimci magana. Sautuka masu siranta irin na "s" da "f" suna rasa wani ɓangarensu, don haka ake yawan cewa "maimaita" in ana faɗar suna. Ya ambaci ISDN, inda jar waya biyun nan na gida za su ɗauki kira biyu a tare har da ƙaramar hanyar ba da umarni, sai dai wannan a bakinsa kawai na ji, ban gan ta a unguwarmu ba. Wadda na gani ita ce waya mai maɓallai, wadda kowane maɓalli ke fitar da sauti biyu a haɗe maimakon katse wuta. Har yau ita ce ke aiki in murya ta ce maka latsa ɗaya ko latsa biyu.

Bai daɗe yana cin moriyar wannan ilimi ba duniya ta juya. A watan Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, kuma a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Manyan birane aka fara ba, mu sai daga baya. Kafin ya iso, wasu 'yan siyasa da manyan 'yan kasuwa Thuraya suke riƙewa, mai magana da tauraron ɗan'adam, wadda sai an fito fili an ja eriya. Layin salula na farko dubban naira ne, kira kuma naira 50 a minti, ko ka yi daƙiƙa biyar an cire maka na minti cur. Mutane suka koyi magana ido na kan agogon waya, a katse ana daƙiƙa 59. Gaisuwar Bahaushe da ta Babole, mai tambayar gida da gajiya da yara da dabbobi, ta sha matsa a wannan lokaci. Sai da Glo ya shigo a watan Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran suka bi, sannan aka ɗan saki jiki.

Lambar gaba ta daina nuna gari, ta koma nuna kamfani: 0803 MTN, 0802 Econet, 0805 Glo, 0804 na Mtel, daga baya 0809 na Etisalat da ya zo a 2008. Kamfanin 0802 ya yi ta sauya suna, Vmobile, Celtel, Zain, har ya tsaya a Airtel a 2010, amma tsofaffi da yawa a wajenmu sun daɗe suna kiransa da sunan da suka fara sani. Lema mai launi ta bazu a bakin tasha da kasuwa da ƙofar asibiti, da tebur da kujera da yaro mai wayoyi biyu ko uku yana duba minti. Samari da yawa a unguwarmu da wannan suka fara riƙe kuɗin kansu, wasu da sayar da kati, wasu da shagon caji, inda janareta ke ruri ga wayoyi jere a kan katako, kowace da lamba a manne.

Kalmomin da a da sai ma'aikaci ke furta su suka zubo kan titi, suka kuma ƙaru. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta iya cewa babu sabis, layin bizi ne, kati ya ƙare, a yi mata caji, a duba mata tes. Filashin ya zama yare mai zaman kansa: ɗaya na nufin na iso lafiya, biyu na nufin kira ni, na dare kuwa tsakanin saurayi da budurwa ba ya bukatar fassara. Matan da ke cikin gida, waɗanda a da sai sun nemi yaro za su aika wa iyayensu magana, suka sami bakinsu. A ganina wannan ya fi duk wani abin da aka lissafa na alherin salula, kuma an fi mantawa da shi. Mai shanu kuwa tun yana tsaye a kara yake jin yadda kasuwar kudu ta kwana kafin ya yanke shawarar lodi.

Akwai abu guda da tes ya yi wa rubutunmu wanda har yanzu muke ɗauke da shi. Saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin jerin da aka tsara wa GSM tun farko. Wayoyin lokacin ba su da su, kuma ko a wayar da ke da su, in ka sa ɗaya saƙon kan koma harafi 70, kuɗi ya ninku. Sai tsara guda ta tashi tana rubuta Hausa babu lanƙwasa, tana kuma guntule kalmomi. Yanzu matsalar kuɗin ta kau, al'adar ta zauna, kuma hakan na damuna duk lokacin da na ga rubutun ɗalibai.

Kawu ya yi ritaya yana kallon ma'aikatarsa tana dusashewa. An sayar da NITEL ga Transcorp a 2006, cinikin bai ɗore ba, daga ƙarshe a 2015 kadarorinsa suka koma hannun NATCOM. A unguwanni aka yi ta kwance wayoyi, jar waya ta ƙare a sikelin 'yan gwangwan, aka bar falwaya tsaye babu komai a kanta. Ya sayi 'yar Nokia mai tocila kamar kowa. Abin da ya ƙi yarda da shi kawai shi ne a ce masa wannan waya ba ta da waya. Ya ce, "Tana da ita, ɗana. An ɓoye muku ne. Daga hannunka zuwa ƙarfen can ne kawai iska. Daga ƙarfe zuwa gaba akwai faifai, akwai kebur a ƙasa, akwai injin haɗa kira, akwai batir da janareta da mai zuba masa gas da mai gadinsa." Layi a yanzu, in ji shi, ɗan katin da ke shaida kai wane ne, hanyar kuwa aro ake ba ka iya tsawon kiranka, ka ajiye a ba wani. Shi ya sa ranar salla, ko ranar kasuwa, za ka ga sabis a cike amma kira ya ƙi shiga: gurabun ƙarfen ne suka ƙare.

Maganarsa ba ta shiga kunnen kowa ba sai da masifa ta zo. A watan Mayun 2012 aka kai hari kasuwar shanu, aka kashe mutane da yawa. A watan Satumba na shekarar aka bi ƙarafan sabis a garuruwan Arewa da dama, har da namu, ana ƙonawa. Ranar 14 ga Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, kwanaki kaɗan bayan haka aka kashe sabis gaba ɗaya saboda dalilan tsaro. Wayoyinmu na nan, cike da caji da kati, ba sa iya kiran ko maƙwabci. Mutanen da suka manta da aiken yaro da ba direba wasiƙa suka koma musu. Wanda ke da larura sai ya hau mota ya nufi hanyar Azare, ya wuce shingayen bincike, har ya tsallaka ƙasar Bauci inda ƙarafan can ke aiki. Na yi wannan tafiya, aljihuna cike da wayoyin maƙwabta da takardu masu lambobi da saƙonni: ka gaya wa wane matarsa ta sauka lafiya, ka tambayi wance ko kuɗin sun iso, ka ce wa yaron nan da ke makaranta a Zariya kada ya taho tukuna. A gefen titi za ka tarar da jama'a tsaitsaye, kowa ya toshe kunne ɗaya, wani na dariya, wani na kuka.

Ranar 6 ga Yuli aka kai hari makarantar sakandare ta Mamudo, a cikin ƙaramar hukumarmu, aka kashe ɗalibai masu yawa da dare. Babu yadda wani zai buga waya ya nemi ɗauki. Gwamna Ibrahim Gaidam ya fito ya roƙi a dawo da sabis, yana nuna cewa rashinsa na hana jama'a kai rahoton abin da suka gani, kuma a cikin watan aka dawo da shi a Yobe. Waɗanda suka yanke shawarar kashewa suna da hujjarsu, domin masu ta'addancin ma da waya suke shirya abinsu. Amma wanda ya zauna a garin a waɗannan makonni ya san abin da aka biya. Tun daga lokacin na lura mutanen unguwarmu sun san inda kowane ƙarfe yake, sun san na wane kamfani ne, suna jin lokacin da janaretansa ya yi shiru. Da yawa sun koma riƙe layi biyu ko uku, wai in wannan ya faɗi wancan ya tashi.

Abin da ya biyo baya da sauri ya zo. Data ta shigo, 3G, sai 4G, har an fara maganar 5G tun 2022. Tun watan Afrilun 2013 mutum na iya ƙaura da lambarsa daga kamfani zuwa kamfani, don haka lambar gaba ta daina ba da tabbacin komai. Saƙon murya na WhatsApp ya karɓi aikin da kaset ke yi, ya sauwaƙa wa wanda ba ya rubutu, kuma Bolanci da Ngizimanci da Karekare suka sami hanyar da tes bai taɓa ba su ba. Kiran da ke bi ta data ba shi da gurbin da aka ware masa: ƙunshi-ƙunshi ake aika muryar, kowane da adireshinsa, in wasu sun makara ko sun ɓata sai ka ji magana na yankewa. A watan Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, "an rufe mini layi" ta shiga bakin mutane. A 2023 aka daidaita lambobin duba kuɗi da na sa kati, *310# da *311*, waɗanda suka haddace *556# shekara da shekaru suka sake koyo. Yau layukan da ke aiki a Najeriya sun haura miliyan 150, kuma mai POS a bakin kasuwar hatsi, in sabis ya faɗi, cinikin buhu ɗari na iya tsayawa.

Kawu bai ga yawancin wannan ba, Allah ya jiƙansa. Ɗan ƙanena ne ya gaji hannunsa. Ya fara da gyaran waya a wani ɗan kes bakin titi, yana sauya gilashi da wurin caji, yana saro kaya daga Farm Centre a Kano. Hannunsa na da kyau, sai dai duk abin da ya wuce bayan wayar bai dame shi ba, har ranar da na zaunar da shi na zana masa hanyar kira tun daga hannu zuwa ƙarfe, daga ƙarfe zuwa injin haɗawa, daga nan zuwa kebur ɗin da ke ƙarƙashin teku a Legas, irin su SAT-3 da Main One. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, to wa ke gyara na ƙasan in ya lalace?" Ya yi ta bin wannan tambaya har ya sami masu aikin suka ɗauke shi yaro.

Yanzu yana cikin masu ɗinke kebur na gilashi. Ya nuna mini zaren: siriri ne ƙwarai, sai an jera takwas za su cika milimita ɗaya, kuma haske ne ke gudu a ciki maimakon wuta. Suna da na'urar da ke harba haske ta auna dawowarsa, ta faɗa musu a kilomita nawa aka sami tsinkewa, da wata da ke narka bakin zare biyu ta manne su. Masu ba su aiki a yanzu su ne katafilar masu gyaran hanya, da masu haƙa rami, da zaizayar damina, da ɓarayin da ke tono suna zaton jar waya ce. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, amma ya ce har yanzu da wuya mako ya wuce ba a tashe su ba. Kwanan baya a hanyar Damaturu suka kwana, da tocila a goshi, suna haɗa zare ɗaya bayan ɗaya bisa launinsa, sai bayan asuba suka rufe ramin.